Tsoro Ba Tare da Dodo Ba: Sharhi a kan *The Haunting of Hill House* na Shirley Jackson

Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba dabarar da Shirley Jackson, marubuciya 'yar Amurka wadda ta rasu a 1965, ta bi wajen gina tsoro a ƙagaggen labarinta da aka buga a 1959. Mai karatun da ya tashi da tatsuniyoyinmu ya saba da Dodo mai suna da siffa, wanda ake gani a guje masa. A wannan littafi kuwa, daga farko har ƙarshe, ba a nuna fatalwa ko ɗaya a fili ba.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wani masani, Dokta John Montague, ya kama hayar wani tsohon gida da Hugh Crain ya gina shekara 80 kafin lokacin, domin ya tabbatar ta hanyar bincike ko gaskiya ne ana tsorata mutane a cikinsa. Mutum uku suka zauna tare da shi: Luke Sanderson, magajin gidan, da Theodora, da kuma Eleanor Vance, wadda ita ce tauraruwar labarin. An gina gidan ne da gangan a karkace, kusurwoyinsa ba su daidaita ba, shi ya sa ƙofofi ke rufe kansu, baƙo kuma ya riƙa ɓata tsakanin ɗakuna.

A ganina, jigon littafin yana tattare ne da Eleanor. Shekarunta 32, ta shafe 11 daga ciki tana jinyar mahaifiyar da ba ta ƙauna, ba ta da ƙawa, ba ta da ɗakin kanta, sai ɗan gado a gidan 'yar'uwarta. Ko motar da ta zo da ita, ta haɗin gwiwa ce, ɗauko ta ta yi ba da yardar 'yar'uwar ba. To, idan dare ya yi a gidan, abin da ake ji shi ne bugun ƙofa mai ƙarfi. Sai can gaba Eleanor ta bayyana cewa a daren da uwarta ta rasu, tsohuwar ta yi ta buga bango tana kiranta, ita kuwa ba ta tashi ba. Daga nan mai karatu ba zai sake jin bugun nan kamar dā ba. Shin gidan ne ke farautarta, ko kuwa ita ce ta shigo da abin a zuciyarta? Marubuciyar ta riga ta shuka wannan shakka tun farko, domin an gayyaci Eleanor ne saboda ruwan duwatsu da aka yi wa gidansu na kwana uku tana 'yar shekara 12. Amma kuma Theodora ma ta ji bugun, kowa ya ga rubutun da ya bayyana a bango da sunan Eleanor, don haka ba a isa a ce taɓin hankali ne kurum ba.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne daren da Eleanor ta ƙanƙame hannun Theodora a cikin duhu tana jin kukan yaro. Da haske ya dawo, sai ga Theodora zaune a kan gadonta. Ba a faɗi mai hannun ba. Na karanta wurin nan sau da dama, kuma har yau nakan duba bayana.

Littafin bai rasa rauni ba. Zuwan matar Montague da abokin tafiyarta Arthur Parker, da allonsu na kiran ruhohi, ya kawo raha a daidai lokacin da labarin ke bukatar tsanani, ko da yake ana iya cewa an yi haka ne don a nuna yadda kowa ya shagala ya bar Eleanor ita kaɗai. Luke ma bai samu cikakken gini ba.

Da sauran suka ga gidan ya shiga jikinta, sai suka ce lallai ta tafi. Ba ta da inda za ta. Ta shiga motar, ta nufi babbar bishiyar da ke kan kwanar hanya, kuma a daƙiƙar ƙarshe ne ta tambayi kanta dalilin da ya sa take yin haka, da dalilin da ya sa ba wanda ya hana ta.