Ganɗoki: Me Ya Sa Labarin Ya Karye Gida Biyu?

Da farko a gyara rubutu: Ganɗoki ne da ɗ mai lanƙwasa, ba Gandoki ba.

A aji nan Malam Madori wata ɗaliba ta ce min: "Malam, littafin nan ya fara da gaskiya ya ƙare da tatsuniya." Ta yi gaskiya. Rabin farko tarihi ne tsantsa: zuwan Turawa Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, har zuwa Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903. Daga nan sai jarumin da ɗansa Garba Gagare su faɗa duniyar aljanu, suna ta cin yaƙi. Wasu na cewa wannan rauni ne a zubin littafin. Ni dai ban yarda ba.

Ka duba wanda ya rubuta. An haifi Muhammadu Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wajen 1890. Yana yaro iyayensa suka yi gudun Turawa tare da Nagwamatse. Wato shi ba ji ya yi ba, da shi aka gudu. Daga baya kuma ya yi karatu a makarantar Ɗan Hausa a Kano, ya koyar a Kwalejin Katsina. Littafin ma don gasar 1933 ya rubuta shi, wadda Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya, aka buga a 1934. To ka ji: waɗanda suka ci ƙasar su ne alƙalan gasar.

Yaya mutum zai yi? Ba zai iya cewa an kori Bature a Burmi ba, don waɗanda suka ga abin suna raye. Ba ya kuma son jaruminsa ya ƙare da sunkuyar da kai. Sai ya ɗauke shi ya kai shi inda igwa ba ta aiki, inda takobi da kirari ke da sauran daraja. Karyewar labarin ita ce tabon da yaƙin ya bari. Shi ya sa da Ganɗoki ya dawo gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu, sai a ga ya sauko.

Lura da nahawun ma. Da bakin jarumin aka ba da labarin, "na yi", "muka yi", ba "suka yi" ba. Mai cewa "muka" yana cikin ƙurar.

Mu nan ƙasar Haɗeja ba baƙin wannan ciwo ba ne. A 1906 Sarki Muhammadu Mai Shahada ya ƙi miƙa wuya, ya rasu a fagen fama. Kafin ka ce wa Bello Kagara ya tsere cikin aljanu, je ka zauna da tsohon gidanku ya ba ka labarin ranar kamar yadda ya gada. Kula da inda yake tsawaitawa da inda yake tsallakewa. Sannan ka rubuta, tun bai tafi da shi ba.

Allah Ya jiƙan magabata.