Da Dash Ya Karɓi Kujerar Bash, Wa Ya Biya Kuɗin Gyara?

A watan Oktoba na 2006 Ubuntu ta fitar da sigar 6.10, ta kuma sauya abin da ke amsa sunan /bin/sh daga Bash zuwa Dash. Dalilinta shi ne Dash ƙarami ne, ga sauri, kwamfuta za ta tashi da wuri. Debian ma ta bi sahu a sigarta ta 6.0 a 2011.

To, sai dai jerin umarnin da mutane suka rubuta shekara da shekaru suka fara tuntuɓe. Mutum ya sa #!/bin/sh a layin farko, amma a ciki yaren Bash yake yi. Dash bai san source ba, bai san [[ ]] ba, in ka ba shi echo -e sai ya buga maka -e ɗin a fuskar allo.

Masu kare Ubuntu sun ce laifin marubuta ne, tunda sunan sh alkawari ne cewa za a tsaya kan ƙa'idar POSIX. Gaskiya ne, kuma ramin Shellshock da aka gano a Bash a 2014 ya nuna amfanin rage dogaro da shi. Amma fa wanda ya rubuta daban, wanda abin ya fashe a hannunsa daban. Nan Malesiya gwamnati ta ƙaddamar da shirin shigar da buɗaɗɗun manhajoji ofisoshinta tun 2004. Ma'aikacin da ya gaji umarnin adana bayanai a wani ofis na Kuala Lumpur, me ya sani game da POSIX? Shi dai ya sabunta, aiki ya tsaya.

Dubi yadda Apple ta yi a 2019. Ta mai da Zsh abin da sabon mai amfani zai tarar a macOS Catalina, amma ta bar /bin/sh yana kiran tsohon Bash 3.2. Tsofaffin umarni suka ci gaba da aiki. Ni dai a ganina Ubuntu ta fi gaskiya, Apple ta fi tausayi, kuma kamata ya yi Ubuntu ta ba da siga ɗaya ta gargaɗi kafin ta sauya.

Kai kuma mai rubutu, in yaren Bash za ka yi, rubuta #!/bin/bash ka huta. Tsofaffin kuwa, bi su da checkbashisms kafin ranar sabuntawa.