Fasaha da Tsarin Ƙira: Nazari a kan Randunan Ladi Kwali

1.0 Gabatarwa

Manazarta kan bambanta fasaha da tsarin ƙira. Fasaha tana neman ƙayatar da ido da zuciya, tsarin ƙira kuwa yana neman biyan buƙatar mai amfani da abu. Wannan maƙala za ta auna wannan bambanci da ayyukan Ladi Kwali, maginiyar tukwanen nan ta ƙasar Gwari wadda ta rasu a 1984.

2.0 Randa Kafin 1954

Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane da hannu tun tana ƙarama. Takan tsaga siffofin ƙadangare da kunama da kada da kifi a jikin randa. Irin wannan randa ana gasa ta ne a fili, saboda haka jikinta yana tsattsafo, iska na busar da danshin, ruwan ciki ya yi sanyi. Ado da amfani suna zaune a jiki ɗaya. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Ingila, ya fara ganin aikinta.

3.0 Randa Bayan 1954

A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yau. A can aka riƙa shafa wa randunanta sinadarin ƙyalli, ana gasa su da wuta mai tsanani. Siffa da zane ba su sauya ba, amma ƙofofin tsattsafo sun toshe, nauyi ya ƙaru. Randar ta daina sanyaya ruwa, ta bar gindin inuwa ta koma zauren nuni a Landan.

Sau da yawa ana ɗaukar wannan sauyi a matsayin ɗaukaka daga sana'a zuwa fasaha. Wannan hukunci yana da rauni, domin gwanintar da aka yaba a Turai tana nan tun randar tana tsakar gida. Abin da ya ƙaru shi ne daraja a kasuwa, abin da ya salwanta kuwa shi ne amfani.

4.0 Kammalawa

Hoton Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 shaida ce ta martabarta. Sai dai ya kamata mai nazari ya tuna cewa matan karkara da suka sha ruwan randunanta na farko sun more fasaha da tsarin ƙira a lokaci guda, ba tare da an raba musu su ba.