Hadda Ba Hujja Ba Ce: Sharhi a Kan Koyar da Kusurwa da Alwatika

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa aji ɗaya ko aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin darasin lissafin siffofi, watau fannin da Larabawa suke kira handasa, ya san yadda abin yake gudana. Malam zai zana alwatika a allo, ya rubuta a ƙarƙashinta cewa jimillar kusurwoyinta uku digiri 180 ce, yara su maimaita da ƙarfi, sa'an nan a ba su aiki: ga kusurwa mai digiri 70, ga mai 60, a nemo ta uku. Yaro ya tara, ya ɗebe, ya sami 50, a ba shi maki. Amma in ka tare shi a bakin ƙofa ka tambaye shi dalilin da ya hana jimillar ta zama 170 ko 200, sai ya ce haka Malam ya faɗa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan aibi ya shafi harshe kamar yadda ya shafi lissafi, kuma mu masu hidimar Hausa muna da kaso a cikin laifin.

Kalmar Kusurwa

Bari mu soma da kalmar da aka ɗora darasin a kanta. A Hausar yau da kullum kusurwa wuri ce: kusurwar ɗaki, inda ake jingine tabarma ko a ajiye tulu. Ga masu lissafi kuwa kusurwa gwargwado ce, watau yawan buɗewar da ke tsakanin layi biyu da suka haɗu, ko yawan juyin da ɗayansu zai yi kafin ya hau kan ɗayan. Yaron da ba a warware masa wannan bambanci ba, in aka zana masa kusurwa biyu masu digiri 40, ɗaya da dogayen layuka ɗaya da gajeru, sau da yawa zai ce mai dogayen layukan ta fi girma, domin a idonsa ta fi cin wuri. Yaron bai yi wauta ba, Hausarsa ya bi.

Maganin wannan yana cikin harshen kansa. A kawo almakashi cikin aji, a buɗe shi kaɗan, a ƙara buɗewa, yaro ya ga cewa tsawon bakin almakashin bai sake ba, buɗewar ce take ƙaruwa. A sa shi ya fuskanci gabas, ya juya ya koma gabas: cikakken juyi ke nan, wanda aka kasa kashi 360, al'adar da aka gada daga masana taurari na Babila. Daga gabas zuwa yamma rabin juyi ne, 180. Daga gabas zuwa kudu rubu'i ne, 90, ita ce kusurwa tsayayya. Wadda ba ta kai ta ba tsukakkiya ce, wadda ta zarce ta buɗaɗɗiya. Da buɗewa da juyi da tsukewa duk kalmomi ne da yaro ya sha da nono, amma ba safai ake jin su a wannan darasi ba.

Hadda da Hujja

Littattafan da ake karantarwa da su sukan ba da hanya biyu ta gamsar da yaro a kan zancen 180. Ta farko, ya auna kusurwoyin da ma'aunin kusurwa ya tara. Ta biyu, ya yanki alwatika ta takarda, ya yage kusurwoyinta uku, ya jera su a ga sun yi miƙaƙƙen layi. Duka biyu suna da amfani wajen farkar da hankali, amma babu hujja a cikinsu. Mai awo yakan sami 178 ko 181, kuma yaron kirki yakan gyara lambarsa a ɓoye don ta dace da ta Malam, ya koyi maguɗi a inda ake so ya koyi gaskiya. Mai yagar takarda kuwa alwatika ɗaya tak ya gwada, alhali maganar ta game kowace alwatika.

Ga hujjar da Hausa, mai karatu ya duba ko akwai inda harshen ya gaza. A ɗauki alwatika mai kusurwoyi A, B da C, A tana sama, layin BC shi ne gindi. A ja layi ta kan A wanda yake jerawa da gindin, watau su biyun ba za su taɓa haɗuwa ba, kamar ƙarafan hanyar jirgin ƙasa. Yanzu a wurin A akwai kusurwa uku a jere: ta hagu, da ta tsakiya wadda ita ce A ɗin kanta, da ta dama. Tun da layin sama da gindi suna jerawa, kuma gefen AB ya ratsa su duka, to kusurwar hagu daidai take da B, domin haka dokar layukan da ke jerawa take. Bisa wannan dalili ta dama daidai take da C. Tun da kuwa ukun nan sun cika miƙaƙƙen layi, watau rabin juyi, ashe A da B da C in an tara su rabin juyi ne. Ke nan 180.

Wannan mas'ala ita ce ta 32 a kashi na farko na littafin Yukilid, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake shi ya bi da ita ta wata hanya makusanciyar wannan. Abin lura shi ne, hujjar gaba ɗaya ta rataya ne a kan sharaɗin layukan da ke jerawa a shimfiɗaɗɗen wuri. In aka zana alwatika a jikin ƙwallo ko bayan ƙwarya, sharaɗin ya faɗi, jimillar ta haura 180. Alal misali, a taswirar duniya ta ƙwallo, a sauko da layi biyu daga ƙuryar arewa zuwa layin da ya raba duniya biyu, da rubu'in juyi tsakaninsu: kowace kusurwa 90 ce, jimilla 270. Wanda ya yi hadda zai ce an yi kuskure, wanda ya san hujja zai gane inda sharaɗin ya warware.

Inda Jerin Kalmomi Ya Tsaya

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, kuma a 1987 aka buga jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. Aiki ne abin yabo. Sai dai kowane jerin kalmomi, bisa ɗabi'arsa, sunaye yake bayarwa: wannan alwatika, wancan murabba'i, waccan da'ira. Mai karatu ya koma ga hujjar da ke sama, zai ga ba sunaye ne suka ɗauki nauyinta ba. Ƙananan kalmomi ne irin su tun da, da to, da domin, da ashe, da ke nan. Su ne igiyar da take ɗaure magana da magana, kuma Hausa tana da su a wadace. Alƙali da malamin fiƙihu da mai ciniki a kasuwa kullum da su suke aiki.

Laifinmu shi ne mun ɓata shekaru muna gardamar wace kalma ta fi dacewa da wace, ba mu zauna mun rubuta hujjoji cikakku da Hausa mai daɗin karatu ba. Larabawa ba haka suka yi ba. A zamanin Haruna Rashid, Alhajjaj ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara littafin Yukilid, daga baya Ishaƙu ɗan Hunainu ya sake fassara shi, Sabitu ɗan Ƙurra ya yi masa gyara. Hujjojin suka fassara, kalmomin fannin suka zauna da gindinsu a cikin aikin.

Abin da Yaro Ya Zo da Shi

Aibi na uku shi ne ana ɗaukar yaro tamkar bai taɓa ganin alwatika ba sai a allo. Yaron da ya taɓa yanke ta cikin fili maimakon ya bi kwana ya riga ya san gefe biyu na alwatika in an haɗa sun fi na uku tsawo. Wannan ita ce mas'ala ta 20 a wurin Yukilid, wadda aka ruwaito wasu masu falsafar Girka suna yi mata ba'a cewa ko jaki ya san ta, tun da kai tsaye yake nufar harawa. Kafinta yakan gitta katako a jikin ƙyaure ko rumfa, saboda siffa mai gefe huɗu tana iya karkacewa, alwatika kuwa in gefenta uku sun tsaya ba ta motsi. Magini yakan auna 3 da 4 a gefe biyu na harsashi, in tsakaninsu ya ba shi 5 ya san kusurwarsa ta tsaya daidai. Almakashin nan ma yana da sauran darasi: buɗewar bakinsa daidai take da buɗewar mariƙinsa, domin kowace ɗayansu in an haɗa ta da kusurwar gefe rabin juyi take bayarwa. Daga irin waɗannan ya kamata a taso, a tambayi yaro don me, a bar shi ya yi ta laluben amsa da harshensa.

Kammalawa

Za a ce jarrabawa da Turanci ake yin ta, aji ya cika maƙil, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiya ne. Amma malamai da yawa a ƙasar Hausa, ko an yarda ko ba a yarda ba, da Hausa suke yin bayani in Turanci ya ci tura, sai dai kowa da tasa kame-kamen, ba tare da rubutaccen abin dogaro ba. Yaron da ya fahimci hujja da harshensa, sauya mata riga zuwa Turanci ba zai gagare shi ba; wanda ya haddace lamba kuwa, da an juya masa zanen sai ya rikice. Don haka muna kira ga malaman lissafi da malaman Hausa na kwalejojin ilmi su haɗa kai su rubuta ɗan littafi, ko da mas'ala goma ce, kowace da zanenta da hujjarta, a gwada shi a aji, a gyara inda yara suka yi tuntuɓe. Filin wannan mujalla ya dace da irin wannan gwaji, kuma muna fata wani daga cikin masu karatu zai soma da mas'alar almakashi.