Mai Jan Baƙi, Gwanin da ke Gefen Malam

Da zarar an ga watan azumi, daga Tsibiri zuwa Maradun, daga Bakura zuwa Talata Mafara, da wuya ka ratsa gari da hantsi ko bayan sallar Asham ba ka ji lasifika tana kawo muryoyi biyu ba. Ɗaya tana rera ayoyi da Larabci, ɗaya tana warware su da Hausa. Tambayi duk wanda ya taso daga wurin, zai ce maka tafsirin malam wane ya je. Ba kasafai ake kiran sunan na biyun ba, wato mai jan baƙi, alhali rabin abin da ya taɓa zuciyar mai sauraro daga bakinsa ya fito.

Ba banza aka keɓe wa tafsiri wannan wata ba. Aya ta 185 ta Suratul Baƙara ta bayyana cewa a cikinsa aka saukar da Alƙur'ani, kuma ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani da Manzon Allah (SAW) a kowane Ramadan, a shekararsa ta ƙarshe ma sau biyu suka yi. Ke nan ribar watan ba ta tsaya ga kame baki ba, tana cikin komawa ga Littafin, kuma tun asali zaman mutum biyu ne.

Ƙasar Zamfara ta daɗe da sanin wannan majalisi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta a ƙarshen ƙarni na 18, har ya zauna a Faru. Ƙanensa Malam Abdullahi ya rubuta cewa Shehu ya halarci majalisin Malam Hashimu Bazamfare, ya saurari tafsiri tun daga farko har ƙarshe. Shi Abdullahin ne daga baya ya wallafa Diya'ut Ta'awili, sannan ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan bisa ruwayar Warshu, wadda da ita ake rubuta allo a ƙasar Hausa. A zamaninmu kuma ɗan Gummi ne, Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya shahara da tafsirin Masallacin Sultan Bello da ke Kaduna, wanda Rediyon Kaduna ya riƙa kai wa har ƙauyukan da ba su da malamin tafsiri. Wanda ya girma da wannan rediyo ya san cewa kunne yakan saba da muryar alaramma kafin ya saba da hujjar malam.

To, mene ne aikin? Wanda bai sani ba zai ce ai karatu ne kawai, duk mahaddaci zai iya. Ba haka ba ne. Limamin Tahajjud yana karatu a kan ra'ayin kansa, ya ɗauko sura ya bi ta har inda ya ga dama. Mai jan baƙi kuwa karatunsa a hannun wani yake. Kamar mai jefa wa magini tubali ne: in ya jefa biyu a tare ɗaya ya faɗi, in ya yi jinkiri magini ya tsaya hannu sake. Dole ya san gwargwadon abin da malaminsa ke iya ɗauka a numfashi ɗaya. Wani malamin yana son aya cikakkiya, wani yana son a gutsuro masa kalma uku-uku, wani kuma in ya shiga ƙissa yana son a sako masa ayoyi a jere kada labarin ya huce. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Daga gyaran murya, ko ɗan jinkirin da malam ya yi a ƙarshen jimla, alaramma ke gane lokacinsa ya yi.

Babbar jarrabawar ita ce wurin tsayawa. Gutsura aya ba kamar gutsura zance ba ne, domin akwai inda in ka tsaya ma'ana ta juye. A Suratul Ma'un akwai ayar da ta yi narko ga wasu masallata, sai wadda ke bi mata ta fayyace cewa masu sakaci da sallar ake nufi. A aya ta 43 ta Suratun Nisa'i an hana kusantar salla, amma da sharaɗin maye da ya biyo baya nan take. Mai jan baƙin da ya san aikinsa ba zai bar jama'a rataye a tsakiyar irin wannan wuri ba. Ga kuma ayar bashi, ta 282 a Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo: hukunci ne a kan hukunci, rubutawa, shaidu, wanda zai yi shifta, cinikin hannu da hannu. Sai wanda ya fahimci inda kowane hukunci ya ƙare zai iya raba ta gaɓa-gaɓa. Shi ya sa nake ganin ƙwararren mai jan baƙi rabin mai fassara ne, ko da bai taɓa furta kalmar Hausa ɗaya a majalisin ba.

Sai kuma batun kamo zare. Malam na iya barin aya ya shiga bayanin gado ko hukuncin zakkar fid-da-kai, ya yi minti ashirin, ya amsa takardar tambaya, ya yi wa matasa nasiha. Yana cewa "Alaramma, mu je," sai karatu ya tashi daidai kan kalmar da aka tsaya, ba a koma baya da yawa ba, ba a tsallake harafi ba. Wani lokacin ma malam zai ɗauko hujja daga wata sura can nesa, ya faɗi farkonta kawai, alaramma ya cika masa ita, sannan ya dawo inda ake. Waɗanda suka bi tafsirin Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi a Kaduna sun san wannan salo sarai, inda aka riƙa fassara aya da 'yar'uwarta, masu jan baƙi suna biye da shi duk inda ya nufa.

Nan ne haddar gaske ke bambanta da haddar baka. Alƙur'ani cike yake da ayoyi masu kama da juna. Ƙissar Annabi Musa ta zo a Baƙara, da A'arafi, da Ɗaha, da Shu'ara'i, da Ƙasasi, kowace da nata lafazi. Aya ta 58 a Baƙara da ta 161 a A'arafi labari ɗaya suke bayarwa na shigar Banu Isra'ila wata alƙarya, amma umarnin da aka gabatar a ɗaya shi aka jinkirtar a ɗayar. Ƙafa ta zame kaɗan, sai ka tsinci kanka a wata sura. Kuma a majalisin ƙasar Hausa ba a rasa gardawa a sahun gaba, waɗanda ba su jin nauyin ɗaga murya su gyara wa kowa.

Wannan ƙwarewa ba a watan Sha'aban ake nemo ta ba. Ta faro ne daga allo da tawada, daga wanke allo da sake rubutu, daga tilawar asuba da tishe, har mutum ya haɗa izu 60 da sumuni 480 a ka. Wasu sun bi ta tsangaya da Warshu, wasu ta Islamiyya da Hafsu, da yawa kuma sun goge a musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986. Bayan wannan duka ga wahalar jiki. A shekarun da azumi ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, mai tafsirin rana yakan ja baƙi awa ɗaya ko biyu da busasshen maƙogwaro, ba kurɓar ruwa, kuma ana so gunna ta fita, maddi ya cika.

Akwai abin da ba na so a sabon yayi, shi ne yadda wasu ke zuwa don murya kawai. Alaramma ya ja dogon numfashi, masallaci ya kaure da kabbara, amma ka tambayi mai kabbarar me ayar ta ce, sai ya yi shiru. Wasu masu karatun ma sun gane haka, sun koma kwaikwayon limaman Makka da makarantan Masar har suna danne malam. Gwanin gaske yana ƙawata karatu daidai yadda zai buɗe zuciya, sannan ya janye ya bar wa bayani fili.

Mai son cin moriyar watan zai iya ɗaukar darasi daga wannan mutum. Shi ba ya zuwa majalisi sai ya duba inda za a karanta. Kai ma ka tambayi inda aka tsaya jiya, ka karanta shafin kafin ka fito, ka zo da Alƙur'aninka kana bi da ido. Manomin rani a fadamun Bakolori, da uwargida mai haɗa kunun buɗa-baki da rediyo a gefenta, ba lallai su samu saukar izu biyu a rana ba, amma aya biyar da aka ji karatunsu, aka ji ma'anarsu, aka maimaita su a sallar dare, ba ƙaramin guzuri ba ne. Malam guda, a bi shi daga farkon wata zuwa ranar rufewa, ya fi yawon majalisi goma.

Ga kwamitocin masallatai da masu hannu da shuni kuma: ranar rufe tafsiri, idan ana yi wa malam godiya da alheri, a tuna da wanda ya zauna a gefensa wata guda cur. A kira sunansa a lasifika, a kyautata masa, kuma a ba yaran da ke tasowa a hadda dama su zauna kusa da shi su ga yadda ake yi.