Ina Ake Kai Shirun Piyano?

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakanin makaɗan Turai da Japan: a ɗauki kiɗan piyano mai sanyi, irin wanda ake kira ambiyent, a sake gina shi a kwamfuta ya koma kiɗan lantarki. Rimiks ke nan. A ganina, ma'aunin wannan aiki guda ɗaya ne, wato yadda mai shi ya yi da shirun da ke tsakanin bugu da bugu.

Dalili kuwa, irin wannan kiɗa ba shi da yawan kari. A faifan The Plateaux of Mirror, wanda Harold Budd ya yi tare da Brian Eno a 1980, Budd kan taɓa 'yan maɓallai kaɗan ya dakata, a bar sautin yana dusashewa har ya ɓace, kuma dusashewar nan ita ce jarin kiɗan. Nils Frahm ma, a faifansa Felt na 2011, ƙyalle ya shimfiɗa tsakanin gudumomin piyano da wayoyinsa don kada ya dami maƙwabta a Berlin da dare, ya kuma cusa makirufo kusa, har ana jin kukan katako da numfashin Frahm kansa. To, idan mai rimiks ya ɗora wa irin wannan ganga mai bugu huɗu-huɗu, kamar 120 a minti, ya haɗa da dabarar nan ta danne sauran sauti duk sa'ad da ganga ta faɗi, waɗannan ƙananan sautuka ne za su fara mutuwa. Karin yana nan, kowa zai gane shi, amma an cike gurbin da aka bari da gangan. Wannan asara ce, kuma tana yi mini ciwo.

Masu kishin asali za su ce ai maganin shi ne kada a taɓa kiɗan sam. Tarihi bai goyi bayansu ba. Piyanon da ya buɗe Music for Airports na Eno a 1978 guntu ne da aka yanko daga wani ɗauka da Robert Wyatt ya buga a ciki, aka haɗe bakin tef ɗin yana zagayawa, aka kuma rage masa gudu zuwa rabi. Ashe tun ran gini tun ran zane: da yanka da liƙi aka haifi nau'in. Frahm da kansa, bayan ya karya babban yatsa ya yi faifan Screws da yatsu tara a 2012, ya gayyaci jama'a su sake sarrafa shi, aka fitar da zaɓaɓɓu a 2015.

Abin koyi yana wajen Ryuichi Sakamoto da Bajamushen nan Alva Noto. A faya-fayansu Vrioon na 2002 da Insen na 2005, Noto bai cike shirun piyanon Sakamoto ba, ya yi aiki da shi ne. Yakan kama wutsiyar sautin piyano tana gab da ɓacewa, ya gutsuttsura ta, ya jera gutsattsarin da 'yan ƙyas-ƙyas na lantarki da wani gurnani na can ƙasa, har su zama ma'aunin tafiyar kiɗan. Bugun ya tsiro daga jikin piyanon, shi ya sa kunne ba ya jin an yi masa kutse.

Hujjar da ta fi ƙarfi cikin waɗanda suka saɓa wa ra'ayina ita ce ta masu cewa ganga ce ke kai piyano ga matasan da ba za su taɓa zama su saurare shi tsurarsa ba, kuma sukan kafa misali da Children na Robert Miles, wanda ya game Turai bayan fitowarsa a 1995. Gaskiya ne ya kai piyano filin rawa, har Miles ya ce ya yi shi ne don kwantar da hankalin 'yan rawa kafin su tuƙa mota gida, saboda haɗurran daren Asabar a Italiya. Sai dai karin Children tare da gangarsa aka tsara shi, kowane bugu ya san mazauninsa. Kiɗan Budd kuwa ba ya bin agogo, yana jinkiri inda ya ga dama, kuma kafin a ɗora masa ganga dole kwamfuta ta ja kowane bugu ta daidaita shi a kan layi. Matashin da ya ji sakamakon ya ji karin Budd, amma jinkirin da ya sa kiɗan ya zama nasa an riga an goge shi.