Amaryar da Ta Tsai da Agogo

A cikin littafin nan na Charles Dickens, Great Expectations, wanda aka buga a Ingila cikin 1861, akwai wata mace mai dukiya ana ce da ita Miss Havisham. Ran ɗaurin aurenta, tana cikin sa kayan amarci, sai ga takardar ango, wai ya fasa. Nan take ta tsai da agogon gidan duka a kan ƙarfe 9 saura minti 20. Ba ta ƙara tuɓe rigar nan ba, ba ta ƙara yarda ta ga hasken rana ba. Sa'an nan ta ɗauko wata yarinya, Estella, ta rene ta don ta rama mata a kan maza.

Cikin 1946 David Lean ya mai da labarin sinima, Martita Hunt ta fito a matsayin matar. Lalle ya ƙware wajen nuna ɗakinta: duhu, da ƙura, da saƙar gizo-gizo, da abincin biki yana ruɓewa bisa tebur. Kowa ya gani ya san hankalin matar nan ya taɓu.

Amma fa taɓuwar hankali ba a ɗaki take ba, a zuciya take, kuma nan ne nake ganin sinima ta gaza. A littafi, bayan Estella ta tafi, matar ta sa aka kira mata Pip, watau saurayin da ta ɓata wa rai. Ta ba da fam 900 don a taimaki abokinsa, ta durƙusa gabansa tana kuka, tana roƙon gafara. A nan mai karatu ke gane cewa ashe ta san abin da ta aikata, baƙin ciki ne ya rinjaye ta. Bayan wannan ne wuta ta kama rigarta, ta yi jinya kafin ta mutu.

Shi kuwa Lean ya taƙaita. Da ƙyar ta buɗe baki da nadama, sai Pip ya fita ya bugo ƙofa, garwashi ya gangaro, wuta ta tashi. Mai kallo ya razana, amma ba a ba shi sararin jin tausayinta ba. Sai wutar ta zama kamar hukuncin da aka yanke wa mayya, alhali kuwa Dickens marar lafiya ya nuna mana, wadda ta farga a makare.